A Bar Famfon a Buɗe

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen duba ayyukan gwamnatin jiha ya san cewa aikin yana tafe da shinkafa da kaza. Haka na tarar da shi lokacin da aka ɗauke ni daga teburin da nake harhaɗa kasafin kuɗi aka mayar da ni can. Ɗan kwangila zai aiko cewa ya gama, a sa masa rana, mu shiga motar ofis mu tafi. Kafin mu isa an share wuri, an kafa rumfa, an jera kujerun roba, kuloli suna gefe suna jiranmu. Idan aji aka gina, mu leƙa ta taga. Idan rijiyar burtsatse ce, a murɗa famfo, ruwa ya zubo, mai hoto ya ɗauka, a rufe. Daga nan sai wanke hannu. In mun koma ofis mu sa hannu cewa aiki ya kammala, baitulmali ya saki ragowar kuɗin ɗan kwangila, kowa ya kama gabansa.

Ni da na fito daga ɓangaren kasafi, akwai abin da na sani wanda yake tsaya mini a rai. Aikin da aka rubuta an gama, ya fita daga kasafin kuɗi ke nan. Baɗi idan mutanen unguwa suka zo da kukan ba su da ruwa, za a duba a ce musu ai an yi muku rijiya bara, ku bari wasu ma su samu. Gara a ce ba a yi maka komai ba, ka ci gaba da bin layi, da a ce an yi maka abin da ba ya aiki. Wannan sa hannun namu, da ake yi da maiƙon kaza a yatsa, yana iya rufe wa unguwa guda ƙofa shekara da shekaru.

Daraktarmu a lokacin wata mata ce daga kudancin jihar, Batangala a ƙabila, Kirista, gajera, mai tabarau a ƙarshen hanci. Ba a daɗe da kawo ta ba, a daidai lokacin da gwamnati ta fara ɗaure bakin jaka, ana cewa kowace kwabo sai an ga inda ta faɗa. Ba ta da hayaniya ko kaɗan. Idan ka kawo mata zancen da bai kama hankali ba, sai ta kalle ka ta saman tabarau, ta yi shiru, har kai da kanka ka fara gyara maganarka. Madam muke ce mata.

Wata safiya ta ajiye mini fayil ɗin wata rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a can ƙarshen unguwar Tumfure, inda sababbin gidaje suke cin gonaki. Ina buɗewa idona ya faɗa kan sunan mai aikin. Ɗan kwangilar ba kowa ba ne illa kawuna, yayan mahaifiyata, ciki ɗaya.

Sai na faɗi ko wane ne shi a wurina, don a gane abin da ya biyo baya. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe gidanmu na unguwar Bagadaza. Shi ya tsaya kai da fata aka bar ni na ci gaba da karatu, shi ya ba da aurena. A gidanmu kuwa, irin na Fulanin da suka shigo gari amma ba su bar kunyar ruga ba, ban taɓa ambatar sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, kuma tunda na yi wayo ban taɓa kai loma bakina a gabansa ba. Ko da azumi na kai, in yana wurin, sai dai na koma bayan ɗaki na sha ruwa.

Na ɗauki fayil na koma ofishin Madam.

"Ranki ya daɗe, a cire ni daga wannan. Ɗan kwangilar kawuna ne."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Na ji daɗi da kika faɗa da bakinki. Amma ƙanwata, a garin nan wa ba shi da kawu? In na cire duk mai kawu, ni kaɗai zan dinga yawo a rana, ni ma kuma ina da nawa a ƙauye. Tare za mu je. Ni zan sa hannu, ba ke ba. Ke dai ki buɗe idonki."

Labari ya riga ni isa gida, kamar yadda ya saba. Da na biya Bagadaza gaida Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "An ce da ke za a je duba aikin kawunki. To, Allah ya sa ki fita kunyarsa." Na ce amin, na kuma san abin da take nufi.

Ranar da aka sa, mu huɗu muka tafi: Madam, da injiniyan sashenmu, da mai hoto, da ni. Muka bar kwalta muka kama hanyar yashi, muna wuce gine-ginen da ba a rufa ba da karan gero da ba a kwashe ba, da 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki, jijiyoyin wuyansu a miƙe. Can muka hango tankin a saman ƙarfe, baƙi ƙirin, sabo fil, faifan sola suna walƙiya a gefensa. Rumfa tana nan, kujeru suna nan, kuloli suna nan. Kawu ya sha babbar riga, mai unguwa yana gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har yana ce wa Madam, "Wannan 'yata ce, ni na rene ta."

Abin da ya fara damuna shi ne tsabtar wurin. Ni fa na girma ina bin layin famfo, na san kamannin wurin da ake samun ruwa. Ba ya rabo da taɓo da sawun awaki da ƙudan zuma da tsinken tsintsiya. Wannan kuwa dandamalin simintin a bushe yake ƙayau, kamar tsakar ɗakin amarya. Can nesa, bayan wani dangan kara, mata ne tsaitsaye da bokitai da robobi, suna leƙe. Na tambayi mai unguwa, ya ce ai an ce kada kowa ya taɓa sai gwamnati ta karɓi aikinta. Da na ɗan zaga bayan tankin kuma, sai ga sawun tayar babbar mota a cikin yashi, sabo, ya zo har gindin ƙarfen ya juya.

Aka kira mu gaban famfo. Yaran Kawu suka murɗa, ruwa ya tsinke da ƙarfi, aka yi tafi, mai hoto ya durƙusa. Na tara hannu kamar zan wanke, na kai kusa da fuskata. Warin maganin ruwa ne ya doki hancina, irin na ruwan famfon gari da muke tara a gidanmu tun ina yarinya. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ba ya zuwa da magani. Tankar ruwa aka kira ta cika tankin, domin mu zo mu ga ruwa mu tafi.

Na tsaya da jiƙaƙƙen hannu ina tunanin abin yi. In ce Kawu ya yi ha'inci, a gabansa, a gaban mai unguwa da jama'a? Wallahi harshena ba zai ɗagu ba, ko da wuƙa a wuyana. In raɗa wa Madam? Yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ita. Ko na faɗa ma, hancina ne kawai shaidata, ga ruwa kuma yana zuba kowa yana gani. In kuma na yi shiru, matan can na bayan danga sun shiga uku, don a takarda an ba su ruwa, kuma ni na san abin da hakan yake nufi fiye da kowa a wurin.

Ina cikin wannan sai na ga hannu ya kai kan famfo zai rufe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Idona yana ƙasa, amma muryata ta fita yadda kowa zai ji.

"Kawu, tunda Allah ya kawo ruwa, a bar matan nan su ɗiba mana, su sa maka albarka. A bar famfon a buɗe har mu gama cin abinci."

Mai unguwa ya ce, "Madalla! Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Kawu ya yi gyaran murya. "Ai da an bari sai ranar ƙaddamarwa…"

Bai ƙarasa ba. Ta ina mutumin da ya gina rijiya zai hana mata ruwa a gaban jama'a, bayan 'yarsa ta roƙa masa albarka? Kunyar da ta ɗaure mini harshe ita ce ta ɗaure nasa. Madam ta kalle ni ta saman tabarau, ta kalli famfon, ta kalli dandamalin nan busasshe. Sai ta ja kujera ta zauna, ta gyara zani.

"Alhaji, ni fa ba na cin abinci da sauri, likita ya hana ni. A bar su su ɗiba."

Mai unguwa ya ɗaga hannu, sai ka ce an buɗe ƙofar makaranta. Mata suka keto dangan, da bokitai da baho da tukwane, wata har da kwanon wanka. Kafin ka ce me, labari ya kai cikin unguwa, 'yan ga-ruwa suka juyo da kurarsu. Duk famfunan da ke jikin dandamalin aka buɗe. Rana tana tsaka, tana dukan faifan sola, lokacin da ya kamata injin da ke ƙasa ya riƙa turo ruwa yana mayar da abin da ake ɗiba.

Ban taɓa ganin mutum ya ci kaza yadda Madam ta ci ta ranar ba. Ƙashi bayan ƙashi take bi, tana tsotsa, tana ajiyewa a gefen faranti. Ta tambayi Kawu farashin shanu. Ta tambaye shi daminar bana a gonarsa. Ta tambaye shi yadda ake jifan shaiɗan a aikin Hajji, ta ce ta daɗe tana son wanda ya je ya yi mata bayani. Amsoshin Kawu suka dinga gajarta. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya ce, "Madam, kada a tsayar da ku, rana tana yi." Ta ce babu komai, a ƙaro mata miya. Ni ina can baya a kan kujera, farantina a rufe a kan cinya. Kowa ya ɗauka kunyar Kawu ce ta hana ni ci, kuma gaskiya ne, amma ko babu ita ma hankalina yana kan famfon.

Sai ƙarar ruwa a cikin bokitai ta fara sauyawa. Ruwan ya sirance, ya koma kamar igiya, sannan famfon ya yi tari, ya furzo iska, ya yi shiru. Wata mata ta bubbuga shi da hannu. Wata ta murɗa ta sake murɗawa. Wata tsohuwa da layi ya zo kanta ta juyo da bahonta babu ko ɗigo, ta zuba mana ido mu da ke ƙarƙashin rumfa. Injiniya ya tashi ya je ya kara kunne a jikin bututun da ke hawa tanki, ya daɗe, ya dawo ya zauna.

Kawu ya ce, "Wataƙila injin ne ya ɗan…"

"Babu komai, Alhaji," in ji Madam, tana wanke hannu da ruwan gora. "In ya gyaru ka sanar da mu. Mun gode da abinci, ya yi daɗi."

Babu wanda ya kira wani ɓarawo, babu wanda ya ɗaga murya. Muka shiga mota. A hanya na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, irin daɗin da ke sa mutum ya ji kamar ya yi guɗa. A lokaci guda kuma daɗin bai cika ba, don da na durƙusa yi wa Kawu sallama, kansa ya kawar.

Abin da ya faru a ƙarƙashin ƙasa bai daɗe ba ya fito. Wannan yankin ruwansa yana da nisa. Masu haƙa sun kai inda suka ga danshi, kuɗin da ke hannun Kawu ya yi ƙasa, sai ya sallame su. Niyyarsa, in ji shi, ya karɓi ragowar kuɗinsa sannan ya dawo da su su ƙarasa, in Allah ya yarda. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma na ga irin wannan niyya da yawa a tsaye a unguwanni, tankinsu ya zama gidan tantabaru.

A dangi kuwa na sha. In na shiga gidan suna sai a ce, "Ku ɓoye kulolinku, gwamnati ta iso." Wasu da wasa suke yi, wasu da gaske. Kawu ya daina amsa gaisuwata. In na je gidansa a Kumbiya-Kumbiya sai a ce yana barci, ga takalmansa a ƙofar ɗaki, ga muryarsa ina ji. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Inna ce na fi jin tsoro, har na yi kwanaki ina kewaye Bagadaza. Ranar da na yi ta maza na shiga, ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ruwan da gaske babu?"

"Babu, Inna."

"Kin faɗa masa baƙar magana?"

"Ko ɗaya."

Ita ce matar da ta sha ba mu labarin yadda suke tafiya neman ruwa da rani tun tana budurwa a ruga, tulu a ka, har gashin tsakiyar kanta ya ƙi fitowa. Ta ce, "To, tashi ki ɗebo tuwo." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

A ofis ma an yi ta kai da kawo. Aka aiko manya su yi magana, aka je wurin babban sakatarenmu, ya kira Madam ya ce ko za a duba lamarin dattijon nan. Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, mota tana waje, mu je ka murɗa famfon da hannunka. In ya kawo, yanzu zan sa hannu." Bai je ba, bai kuma sake kiranta ba. Kuɗin ya zauna a baitulmali, rijiyar ta zauna a cikin kasafi a matsayin aikin da ba a gama ba, wato tana da rai. Da Kawu ya ga babu ƙofa, sai ya sayar da bijimai daga garkensa ya dawo da motar haƙa. Da na ji haka na yi kuka, don na san abin da saniya take a wurinsa.

Madam ba ta bar abin ya tsaya a kan rijiya ɗaya ba. Ta kai shi sama, aka amince, ya zama ƙa'idar sashenmu. Ba a sakin ragowar kuɗi sai jama'a sun yi amfani da abin na wani lokaci. Ba ma sa rana, faɗowa muke yi. Rufin aji sai ya ga ruwan sama, kwalbati sai kwari ya kawo ruwa ya bi ta cikinsa. Abinci kuma kowa ya taho da nasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ɓata wa abokan aikina rai, mai hotonmu ya yi wata guda yana gaishe ni da ƙyar. 'Yan kwangila suka laƙaba mini "mai famfo", in sun hango ni a sakatariya sai su taɓa juna. Ban damu ba, har daɗi nake ji. Wasu cikinsu da kansu suka fara kira suna cewa an fara sha, a zo a gani duk ranar da aka ga dama.

Haka wata rana, ba tare da sanar da kowa ba, muka sake kama hanyar yashin nan ta ƙarshen Tumfure. Tun daga nesa na ji hayaniya, mata biyu suna faɗa a kan layi. Da muka sauka sai takalmina ya nutse a taɓo. Awaki suna lasar gefen dandamali, ƙudan zuma suna yawo a bakin famfo, wani ya ja ragowar ruwan da ke malala ya dasa alayyafo a bayan danga. Tankin ya cika yana ambaliya ta sama alhali duk famfunan a buɗe suke. Na tara hannu na shinshina, babu warin komai, sai sanyin ƙasa. Ban taɓa ganin ƙazantar da ta yi mini kyau kamar wannan ba. Injiniya ya gama gwaje-gwajensa, Madam ta jingina da mota ta sa hannu a nan take.

Mai unguwa ya ce tun da ruwa ya fito, Alhaji ba ya kwana biyu bai zo ya tsaya ya kalla ba. Ya aika aka gaya wa Kawu mun zo. Kafin ya iso, matan unguwar sun kawo mana dambu da fura da nono. Na ce ai ƙa'ida ta hana. Madam ta ce ƙa'ida ta hana na ɗan kwangila ne, wannan na masu rijiya ne, ta ja kwano gabanta.

An miƙo mini nawa ke nan sai ga Kawu a bayan babur, da 'yar shara, ba babbar riga. Na ajiye kwanon na durƙusa a cikin taɓon na gaishe shi, ina jiran ya kawar da kai. Sai na ji ya amsa. Ya wuce ya karɓi moɗa a hannun wata mata, ya tara, ya sha har ya ƙare, ya yi hamdala. Sannan ya dawo ya tsaya a kaina.

"Ɓingel am," ya ce, yadda yake kirana tun ina ƙarama, wato 'yata. "Wancan zuwan ba ki ci komai ba. Ina kallonki."

Ya taka ya koma bakin dandamali, ya juya mini baya, ya harɗe hannuwa a bayansa yana kallon ruwan da ke zuba a bokitai.

"Ki ci abincinki a hankali," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Famfon a buɗe yake."

Na zauna na ci dambun nan, hawaye yana ɗiga a ciki, na cinye tas na karɓi ƙari. Har na gama bai juyo ba, ruwan kuma bai tsaya ba.